Daga Shekara Huɗu zuwa Shekara Ɗaya: Tarihin Dokar Barin Jami'a a Ƙwallon Kwandon Amurka

A yawancin ƙasashen duniya, kulob-kulob na ƙwararru su ne ke renon yaran da za su yi musu wasa nan gaba, kamar yadda manyan kulob-kulob na ƙwallon ƙafa a Turai ke ɗaukar yaro tun yana ƙarami su horar da shi da kuɗinsu, amma a Amurka jami'o'i ne suka riƙe wannan aiki a fagen ƙwallon kwando, kuma sun riƙe shi tun kafin a samu wata gasar ƙwararru mai ɗorewa. James Naismith ya ƙirƙiro wasan a watan Disamba na 1891 a garin Springfield da ke jihar Massachusetts, cikin 'yan shekaru ya bazu a makarantu da kwalejoji, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i, wadda asalinta ke komawa 1906, ta fara shirya gasar zakarun ƙasa a 1939, alhali gasar ƙwararrun da aka sani yau da NBA ba ta kafu ba sai a 1946, wannan suna ma sai a 1949 ta ɗauke shi. Ke nan NBA ta taso ne ta tarar jami'o'i sun riga ta mallakar 'yan kallo da taurari, kuma tun daga lokacin ake ta jayayya a kan tambaya guda, wato yaushe ne saurayi ke da ikon barin jami'a ya fara neman abinci da gwanintarsa. Wanda ya bi diddigin amsoshin da aka bayar cikin shekara 70 da ɗoriya zai lura cewa ilimin saurayin shi ne hujjar da aka fi ambata, amma da wuya a ga lokacin da shi ne ya motsa dokar.

Akwai tsari biyu da sai an fahimce su wannan tarihi zai fito fili. Na farko shi ne zaɓen sababbin 'yan wasa da NBA ke yi sau ɗaya a shekara tun 1947, inda kulob-kulob ke ɗaukar matasa ɗaya bayan ɗaya bisa jeri, ana ba waɗanda suka fi rauni a kakar da ta wuce damar fara zaɓa domin kada ƙarfi ya taru a hannu ɗaya. Ɗan wasan ba ya zaɓar inda zai je, kulob ɗin da ya kira sunansa shi kaɗai ke da ikon ƙulla kwantiragi da shi, kuma tun 1989 zagaye 2 kawai ake yi, wanda da kulob 30 na yanzu bai wuce gurbi 60 ba. Na biyu shi ne aƙidar wasan sha'awa da NCAA ta daɗe a kanta, wato ɗan wasan jami'a ɗalibi ne mai wasa don nishaɗi, ba ya karɓar albashi, ladansa shi ne tallafin karatu da masauki da abinci, kuma ranar da ya karɓi kuɗi saboda wasa ko ya ɗauki wakilin da zai nema masa ciniki, ranar ya rasa gurbinsa. Walter Byers, wanda ya shugabanci hukumar daga 1951 zuwa 1987, ya bayyana da kansa daga baya cewa laƙabin ɗalibi ɗan wasa an yaɗa shi ne domin kada kotuna su ɗauki waɗannan matasa a matsayin ma'aikatan jami'a masu haƙƙin diyya idan suka ji rauni.

A shekarunta na farko NBA ta kafa dokar da ta hana zaɓar ɗan wasa sai an cika shekara 4 da ajinsa na sakandare ya kammala, ko ya shiga jami'a ko bai shiga ba. Dokar ta yi wa ɓangarorin biyu daɗi, domin jami'o'i sun tabbata tauraronsu ba zai kuɓuce musu ba har ya gama, ita kuma NBA tana karɓar ɗan wasan da aka riga aka horar, aka gwada shi a manyan wasanni, jama'a suka san sunansa, ba tare da ta kashe ko sisi ba. A ɓangaren jami'a ma akwai wani ƙarin shinge, tun da har zuwa 1972 ɗan shekarar farko ba ya shiga babbar tawagar makaranta, shi ya sa Lew Alcindor, wanda ya zama Kareem Abdul-Jabbar, ya yi shekararsa ta farko a jami'ar UCLA a cikin tawagar sababbin ɗalibai duk da cewa ba a da kamarsa a ƙasar. Wanda ya gaji da jira ba shi da mafita sai ta gefe. Wilt Chamberlain ya bar jami'ar Kansas a 1958 saura shekara 1 ya gama, kuma da yake ƙofar NBA a rufe take, sai ya yi wannan shekara tare da Harlem Globetrotters, tawagar da ke yawon nuna gwaninta da ban dariya, kafin ya shiga Philadelphia Warriors a 1959.

Abin da ya fara girgiza dokar shi ne kishiya. A 1967 aka kafa wata sabuwar gasa mai suna ABA, wadda ba ta da kuɗin NBA ko manyan biranenta, don haka ta ga hanyar da ta rage mata ita ce ta riga abokiyar hamayyarta kama matasa. Wanda ta fara gwada wannan dabara a kansa shi ne Spencer Haywood, wanda aka haifa a 1949 a ƙauyen Silver City na jihar Mississippi, cikin gida mai 'ya'ya da yawa, mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, mahaifiyarsa kuma tana tsintar auduga a gonakin wasu. Yana saurayi ya koma birnin Detroit inda ya yi sakandare, ya yi shekara 1 a wata ƙaramar kwaleji a jihar Colorado, sannan a 1968, shekarar da wasu fitattun 'yan wasa baƙar fata irin su Alcindor suka ƙi zuwa gasar Olamfik ta birnin Meziko, shi ne ya fi kowa cin maki a tawagar Amurka da ta ɗauki zinare, yana ɗan shekara 19. Ya yi kaka 1 a jami'ar Detroit yana cin matsakaicin maki sama da 32 a kowane wasa, sai a 1969 kulob ɗin Denver Rockets na ABA ya ɗauke shi bisa uzurin ƙuncin rayuwa, ma'ana halin da iyalinsa ke ciki bai ba shi damar jiran shekara 2 ba. A kakarsa ta farko ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa kuma gwarzon gasar baki ɗaya, da matsakaicin maki 30 a wasa, abin da ya nuna cewa batun ƙuruciya ko rashin ƙwarewa bai shafe shi ba ko kaɗan.

Saɓani ya shiga tsakaninsa da Denver a kan sharuɗɗan kwantiraginsa, sai a ƙarshen 1970 Sam Schulman, mai kulob ɗin Seattle SuperSonics na NBA, ya ba shi kwantiragin shekara 6 na dala miliyan 1.5, da sanin cewa shekara 4 ɗin ba ta cika ba kuma ba a bi ta zaɓe ba. Hukumar NBA da sauran masu kulob suka tashi tsaye don hana shi wasa, shi kuma ya kai ƙara yana kafa hujja da dokar Sherman ta 1890, wadda ta haramta wa 'yan kasuwa haɗa baki su yi babakere ko su toshe wa wani hanyar ciniki. Hujjar lauyoyinsa mai sauƙi ce: kulob-kulob kamfanoni ne masu zaman kansu, idan suka haɗa kai suka ce babu wanda zai ɗauki wani rukunin ma'aikata, to sun ƙaurace musu ne a dunƙule, kuma doka ba ta yarda da haka ba. Alƙali Warren Ferguson na kotun tarayya a Los Angeles ya ba shi izinin wasa kafin a gama shari'a, kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da izinin, sannan a ranar 1 ga Maris 1971 mai shari'a William O. Douglas na Kotun Ƙoli, a matsayinsa na mai sa ido a kan kotunan wannan yanki, ya maido da shi, yana la'akari da cewa rayuwar ɗan wasa a fili gajeruwa ce, kuma lokacin da ya ɓata ba a iya biyansa. Cikin wannan wata Ferguson ya yanke cewa dokar shekara 4 ta saɓa wa doka, musamman da yake ba ta bar wata kafa da za a saurari uzurin kowa ba. Haywood ya sha ba da labarin yadda aka yi masa ihu a filayen wasa a wannan kaka, da yadda aka riƙa sanar da 'yan kallo cewa akwai haramtaccen ɗan wasa a fili. Duk wanda ya bar jami'a da wuri bayansa ya ci moriyar wannan wahala, amma shi kansa sai a 2015 aka shigar da shi zauren girmamawa na ƙwallon kwando.

NBA ba ta buɗe ƙofar gaba ɗaya ba, ta dai aro uzurin ƙuncin rayuwa daga kishiyarta. Daga 1971 ɗan wasa na iya neman shiga zaɓe da wuri idan ya nuna iyalinsa na cikin matsi, kuma a watan Satumba na shekarar aka yi wani zaɓe na musamman don irin waɗannan, inda Phil Chenier ya tafi Baltimore Bullets. Tsarin yana da ƙasƙanci a cikinsa, domin sai saurayi ya baje talaucin gidansu a gaban ofis kafin a ba shi izinin yin sana'ar da ya iya, kuma yana da rauni, domin babu ma'aunin da ke raba mai uzuri da marar uzuri, har ta kai kusan duk wanda ya nema yana samu. A gefe guda ABA ta ci gaba da kwasar matasa, ta ɗauki Julius Erving da George McGinnis a 1971, sannan a 1974 kulob ɗin Utah Stars ya ɗauki Moses Malone kai tsaye daga sakandare a garin Petersburg na jihar Virginia, NBA ma ta biyo sahu a 1975 da Darryl Dawkins da Bill Willoughby. A 1976, shekarar da gasar biyu suka haɗe kulob 4 na ABA suka shiga NBA, aka jefar da sharaɗin ƙunci, ya zama duk wanda ya rubuta takarda ya sallama gurbinsa na jami'a yana iya shiga.

Abin mamaki, shekara 20 da suka biyo baya ba a yi rububin da aka ji tsoro ba. Waɗanda suka fita da wuri 'yan ƙalilan ne, galibi manyan taurari da suka riga suka yi shekara 2 ko 3: Magic Johnson ya bar jami'ar Michigan State a 1979 bayan ya ci kofin ƙasa a shekararsa ta biyu, Isiah Thomas ya yi haka a 1981, sannan a zaɓen 1984 Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya yi wasa a jami'ar Houston, ya zama na farko, Michael Jordan na uku, dukansu saura kaka 1 su gama. Albashin lokacin bai kai yadda zai sa kowa ya yi gaggawa ba, kuma masu kulob sun fi natsuwa da wanda suka daɗe suna kallo.

Kuɗi ne ya sauya lissafin, kuma ta hanyar da masu kulob ba su yi tsammani ba. A 1994 Glenn Robinson, tun bai taka filin NBA ba, ya samu kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 68, abin da ya ɓata wa masu kulob rai, ya kuma ɓata wa tsofaffin 'yan wasa da suka ga sabon shiga ya fi su albashi. A yarjejeniyar 1995 tsakanin masu kulob da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa aka ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa gwargwadon matsayin da aka zaɓe su, aka kuma iyakance tsawon kwantiragin farko. Sakamakon shi ne babbar riba ta koma kwantiragi na biyu, kuma duk shekarar da saurayi ya ƙara a jami'a ta zama jinkiri ga ranar da zai kai gare shi, ban da haɗarin karaya ko tsinkewar jijiyar gwiwa a wasan da ba a biyansa. A wannan shekara Kevin Garnett ya fito daga wata sakandare a Chicago, Minnesota Timberwolves ta ɗauke shi na biyar, kuma a 1997 ya sa hannu a kwantiragin shekara 6 na dala miliyan 126, wanda yana cikin abubuwan da suka jawo rikicin da ya sa masu kulob suka rufe gasar har aka rage kakar 1998 zuwa 1999 ta koma wasa 50. Kobe Bryant da Jermaine O'Neal suka biyo a 1996, Tracy McGrady a 1997, a 2001 uku daga cikin huɗun farko 'yan sakandare ne, Kwame Brown kuma ya zama ɗan sakandare na farko da aka ɗauka a matsayi na ɗaya, LeBron James ya maimaita a 2003, Dwight Howard a 2004, shekarar da 'yan sakandare 8 suka shiga zagayen farko.

Masu neman a rufe wannan hanya sun riƙa kafa hujja da waɗanda suka faɗi, kuma akwai su. Korleone Young, wanda Detroit ta ɗauka a zagaye na biyu a 1998, wasa 3 kacal ya buga a NBA, Lenny Cooke kuma, wanda aka taɓa jera shi da LeBron James a sakandare, ya shiga zaɓen 2002 babu wanda ya kira sunansa, ga shi ya riga ya rasa damar jami'a. Wannan asara ta gaske ce, kuma bai kamata a raina ta ba. Sai dai adalci ya buƙaci a faɗi cewa daga 1995 zuwa 2005 'yan sakandaren da aka zaɓa ba su kai 40 ba, kuma a cikin wannan ƙaramin adadi aka samu Garnett da Bryant da James, waɗanda kowannensu ya zama gwarzon gasar, da wasu da dama da suka yi shekara 10 ko fiye suna wasa. Abin da ya fi damun kulob-kulob shi ne caca: suna zuba miliyoyi a kan yaron da ba su gani ba sai a tsakanin tsaransa na sakandare, kuma idan ya yi kyau ma, shekarun koyonsa a aljihunsu suke.

David Stern, shugaban NBA na lokacin, ya nemi a sa iyaka a shekara 20, ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa ta ƙi, aka daidaita a yarjejeniyar 2005 a kan cewa daga zaɓen 2006 sai ɗan wasa ya cika 19 a cikin shekarar zaɓe, kuma idan a Amurka ya yi sakandare, sai an samu shekara 1 da kammalawar ajinsa. Jermaine O'Neal ya soki shawarar a bainar jama'a, yana tambayar yadda ɗan shekara 18 zai isa zuwa yaƙi amma bai isa wasa ba, ya kuma nuna akwai batun launin fata, tun da ba a ɗaga irin wannan murya a wasannin da fararen fata suka fi yawa. Stern kansa bai ɓoye cewa dokar ta kasuwanci ce ba, wato kulob-kulob na son ƙarin lokacin kallon matasa suna karawa da masu ƙarfi. Dalilin da ya sa wannan doka ta tsira alhali ta shekara 4 ta faɗi yana cikin wata shari'a ta wani wasa dabam. A 2004 Maurice Clarett ya ƙalubalanci dokar gasar NFL ta ƙwallon Amurkawa mai sharaɗin shekara 3, ya yi nasara a kotun farko, amma kotun ɗaukaka ƙara, a hukuncin da Sonia Sotomayor ta rubuta kafin ta hau Kotun Ƙoli, ta ce abin da ya fito daga cinikin masu aiki da ƙungiyar ƙwadago dokar hana babakere ba ta taɓa shi. Dokar da Haywood ya karya masu kulob ne kaɗai suka yi ta, ta 2005 kuwa da sa hannun 'yan wasa. Akwai abin dubawa a nan, domin waɗanda suka sa hannun mutane ne da suka riga suka shiga, kuma kowane sabon yaro barazana ne ga gurbin ɗayansu, shi kuwa yaron da dokar ta hau kansa ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba shi da ƙuri'a a cikinta.

Daga nan aka shiga zamanin da Amurkawa ke wa laƙabi da shekara ɗaya a wuce, inda jami'a ta zama zango ga fitattun matasa. Greg Oden da Kevin Durant, na ɗaya da na biyu a zaɓen 2007, su ne manyan misalan farko. John Calipari, wanda ya karɓi horar da jami'ar Kentucky a 2009, ya gina tsarinsa a fili a kan haka, yana tara sababbin taurari kowace shekara yana sallamarsu, har 'yan wasansa 5 suka shiga zagayen farko a 2010, ya kuma ci kofin ƙasa a 2012 da Anthony Davis da Michael Kidd-Gilchrist, waɗanda suka zama na ɗaya da na biyu a zaɓen shekarar. Jami'ar Duke, wadda ta yi suna da riƙe 'yan wasa har su gama, ita ma ta bi wannan hanya ta ci kofin 2015. Matasan Afirka da suka je karatu can sun shiga tsarin, irin su Joel Embiid ɗan Kamaru da ya yi kaka 1 a Kansas kafin zaɓen 2014, da Precious Achiuwa ɗan Najeriya da ya yi kaka 1 a Memphis kafin na 2020. Ta fuskar ilimi kuwa, abin da ake buƙata daga irin wannan ɗalibi shi ne ya ci 'yan darussa kaɗan a zangon karatu na farko don ya cancanci wasa har gasar zakarun ƙasa ta watan Maris, bayan haka babu abin da ke riƙe shi a aji. Ta fuskar kuɗi lissafin ya sha bamban, domin a 2010 NCAA ta sayar wa CBS da Turner haƙƙin nuna gasar a talabijin na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. A watan Fabrairu na 2019 takalmin Zion Williamson na Duke ya yage a daƙiƙun farko na wasa da North Carolina, ya ji rauni a gwiwa a gaban 'yan kallon da wasunsu suka sayi tikiti da dubban daloli, shi kuwa ba shi da ko dala 1 a cikin cinikin, wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita ma NCAA tana da nata dokokin, waɗanda suka shafi wanda ya leƙa zaɓe ya so komawa, kuma sun yi ta kai da kawo. A 1994 ta yarda ɗan wasa ya shiga zaɓe ya dawo muddin bai ɗauki wakili ba, har Voshon Lenard ya koma jami'ar Minnesota bayan Milwaukee ta zaɓe shi. Daga baya, bisa matsin masu horarwa da ke son sanin tawagarsu da wuri, aka riƙa jawo wa'adin janyewa baya, ya koma farkon Mayu a 2010, sannan Afrilu a 2012, lokacin da saurayi bai samu damar jin ra'ayin kulob-kulob a kansa ba. Sai a 2016 aka mayar da shi kwana 10 bayan taron gwajin da NBA ke yi wa masu neman shiga, aka kuma yarda a gwada fiye da sau ɗaya. Muhimmancin wannan wa'adi ya fito ne daga bambancin zagayen biyu, domin wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da tabbacin albashi, na zagaye na biyu kuwa ba lallai ba, ballantana wanda ba a kira ba.

Inda aka hana kuɗi bi ta ƙofa, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. A watan Satumba na 2017 hukumar bincike ta FBI ta kama mutum 10, ciki har da mataimakan masu horarwa 4 da wani jami'in kamfanin Adidas, bisa zargin biyan iyalan matasa don su zaɓi wata jami'a ko wani wakili. Kwamitin da NCAA ta naɗa ƙarƙashin Condoleezza Rice ya ba da shawara a Afrilun 2018 cewa a kawar da dokar shekara ɗaya, amma ikon yin haka yana hannun NBA da ƙungiyar 'yan wasa, abin da NCAA ta iya yi shi ne sassauta haramcin ɗaukar wakili. Kafin nan wasu sun riga sun nemi hanyar gefe irin ta Chamberlain: Brandon Jennings ya tafi Italiya a 2008, Emmanuel Mudiay ya tafi Sin a 2014, daga baya LaMelo Ball ma ya tafi Ostareliya a 2019, har NBA da kanta ta kafa tawagar Ignite a ƙaramar gasarta a 2020 don ta biya matasa albashi a shekarar jira.

Sauyi na baya-bayan nan daga kotu ya sake fitowa, amma a wannan karo aƙidar wasan sha'awa ce ta sha kaye. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin 1995 da UCLA, ya kai ƙara a 2009 bayan ya ga an yi amfani da kamanninsa a wasan kwamfuta ba a biya shi ba, ya kuma yi nasara a 2014. A watan Yuni na 2021 alƙalan Kotun Ƙoli 9 suka haɗu a kan hukuncin wata shari'a mai suna Alston cewa NCAA ba ta fi ƙarfin dokar hana babakere ba, kuma daga 1 ga Yuli na shekarar 'yan wasan jami'a suka samu izinin karɓar kuɗi ta hanyar tallace-tallace da sunansu da hotonsu. Nan take lissafin da ya kori matasa tun 1995 ya juya ga duk wanda ba shi da tabbacin zagayen farko. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango ya koma Kentucky a 2022 bayan an zaɓe shi gwarzon ƙasa, Zach Edey ya koma Purdue a 2023 ya sake cin wannan kambi, NBA kuma ta rufe Ignite a 2024 tana mai nuni da cewa yanayin jami'o'i ya canza. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun wata shari'a mai suna House, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko kai tsaye daga asusunta. Masu neman shiga zaɓe da wuri, waɗanda suka haura 350 a 2021, sun ragu zuwa 106 a 2025, ba tare da an ƙara ko rana 1 a kan iyakar shekaru ba. Iyakar kanta tana nan a 19, domin duk da cewa Adam Silver, wanda ya gaji Stern a 2014, ya nuna sha'awar mayar da ita 18, yarjejeniyar 2023 ta bar ta yadda take, kuma wa'adin wannan yarjejeniya yana kaiwa har kakar 2029 zuwa 2030.